Ziyarar Kwana Biyu A Dajin Kamuku: Tsaunin Rema, Kufan Kakanni Da Sawun Giwa

Idan aka ambaci dajin Birnin Gwari a yau, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne 'yan bindiga da kuɗin fansa. Yaran da suka yi wayo daga shekarar 2015 zuwa yanzu ba su san shi da wani abu ban da wannan ba. Amma mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun san lokacin da ake cika mota da matasan ikilisiya, a ɗauki garin kwaki da ƙuli-ƙuli da jarkar ruwa, a nufi wannan daji domin kallon aikin hannun Ubangiji. Mu ma mun taɓa yin irin wannan tafiya, 'yan shekaru kaɗan bayan da gwamnatin tarayya ta karɓi gandun. A wannan mako muna so mu zaga da masu karatu inda aka zaga da mu, mu kuma faɗi wata gardama da ta tashi a tsakaninmu a gindin wani tsauni, wadda har yau ba ta mutu ba a cikin ikilisiyoyinmu.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce, aka nufi yamma, ta Buruku da Udawa da Kuriga. Mun tashi da sassafe bayan addu'a, mu ashirin da 'yan kai, tare da fastonmu da wani dattijon ikilisiya, Bagware, wanda kowa ke kira Baba. (Mu ce Bagware domin haka bakin Hausa ya saba, amma su masu abin Gbagyi suke kiran kansu, kuma da yawansu sun fi son a kira su haka.) Tun a hanya Baba ya fara ƙorafi a kan buhunan gawayi da tarin itacen da aka jera a gefen titi, yana cewa a zamanin ƙuruciyarsa mutum yakan yi tafiyar awa guda a wannan hanya bai fita daga inuwa ba.

Gandun Kamuku ba sabon abu ba ne. Tun a 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e ta Birnin Gwari, malaman daji na lura da shi. A watan Mayu na 1999, gab da sojoji za su miƙa mulki, aka mai da shi gandun namun daji na ƙasa, tare da na Okomu da ke Jihar Edo. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Ta yamma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, ko da yake dabba ba ta san da wannan iyaka ba, haka ma ɓarawo.

A ofishin gandun da ke cikin gari aka haɗa mu da wani ma'aikaci wanda zai yi mana ja-gora. Kafin mu shiga ya kafa mana doka: ba ihu, ba kunna wuta, ba wanda zai ware shi kaɗai, kuma ba waƙa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi damun 'yan mawaƙanmu, waɗanda suka zo da ganga da kacau-kacau.

Itatuwa da tsuntsaye

Mun shiga da rani, ciyawa ta bushe, ido na gani nesa. Ja-goranmu mutum ne da ba ya wuce itace bai gaishe shi da sunansa ba. Ga doka, wadda ita ce ta fi yawa a wannan daji, ga baushe, ga taura, ga maje, ga kawo, ga ƙirya mai taurin tsiya wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta. Ga kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan ƙauye ba sa yarda a sa musu gatari saboda man kaɗe da daddawa. Ya nuna mana madobiya, ya ce mu dube ta da kyau. A lokacin ba mu gane nufinsa ba. Sai daga baya, a shekarun 2010, da aka yi ta sare madobiya a dazuzzukan Nijeriya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin domin yin kujeru, muka tuna da maganarsa. Abin kunya, a cikin matasanmu 'yan birni babu wanda ya iya faɗin sunan itace biyar.

Masana sun ƙidaya irin tsuntsaye har 177 a wannan gandu. Mu dai abin da idonmu ya gane shi ne zabin daji da fakara da hasbiya da cilakowa. Can wajen hantsi sai ja-gora ya ɗaga hannu, muka tsaya cik. Ashe burtu ne guda uku suke tafiya a ƙasa cikin ƙasaita, baƙaƙe wuluk, suna tsintar ƙwari a inda wuta ta ci. Yawancinmu ba mu taɓa ganin burtu mai rai ba, sai dai kansa da maharba suke ɗaurawa a goshi, su yi rarrafe suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci nama. Ja-gora ya ce wannan dabara da kuma neman kan nasa don magani suna cikin abin da ya rage yawansa, ga shi kuma tsuntsu ne mai jinkirin haihuwa.

Na dabbobi kuwa, mun ga gwaggon biri garke guda, mun ga jan biri yana tsere kamar an harba kibiya, mun ga gadu da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya sama sun shige rami. Gwanki da kanki da mazo da gada duk suna cikin lissafin dabbobin gandun, amma mu sawunsu kaɗai muka gani a bakin rafi. Giwa ma haka. Ja-gora ya nuna mana kashinta da wani reshe da ta karya, da sawu mai faɗin faifai a cikin busasshen taɓo. Ya ce giwayen sukan yi kai-da-kawo tsakanin Kamuku da Kuyambana, wani lokaci su faɗa gonakin mutane su yi ɓarna a dare ɗaya. Wata yarinya a cikinmu ta sa ƙafafunta biyu a cikin sawun, da sauran wuri. A lissafin da gwamnati ta fitar a 2024, giwayen da suka rage a duk faɗin Nijeriya ba su wuce 400 ba.

Mun ci abincin rana a Dogon Ruwa, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse. Da rani ba shi da ƙarfi sosai, amma ga sanyi ga inuwa, a nan ne kuma aka ɗage wa mawaƙa doka na ɗan lokaci. Daga nan aka kai mu Goron Dutse, wani ƙaton dutse guda ɗaya tilo da ya taso daga fili, jikinsa sumul, da zane-zanen fari da baƙi kamar an shimfiɗa masa saƙi.

Tsaunin Rema

Wurin da ya fi zama mana a rai shi ne Tsaunin Rema. Manyan duwatsu ne aka ɗora wani a kan wani, kai ka ce wani ƙato ne ya jera su da hannu ya manta. A cikin kogunansu remaye suke zaune da yawan gaske. Da la'asar sukan fito su baje a kan dutse suna shan rana, ɗaya yana tsaye daga sama yana gadi. Da ya hangi shaho ko mutum sai ya yi wata ƙara, kafin ƙiftawar ido babu ko ɗaya a waje.

Fasto ya tambayi matasa ko akwai wanda ya san inda aka ambaci wannan dabba a cikin Littafi Mai Tsarki. Aka yi tsit. Sai ya buɗe Karin Magana sura 30, inda aka lasafta rema cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima, tare da tururuwa da fara, saboda duk da rashin ƙarfinsa ya san inda zai kafa gida. Ya nuna mana shi kuma a Zabura 104, da Littafin Firistoci sura 11 inda aka hana Isra'ilawa cin namansa. Mun sha karanta waɗannan wurare a majami'a, muna wuce kalmar kamar yadda ake wuce sunan wani gari na ƙasar Kan'ana. Ran nan ga shi a gabanmu yana hamma. Ja-gora, wanda Musulmi ne, ya ji daɗin abin ƙwarai, ya kuma ƙara mana da nasa: wai masana halittu sun tabbatar cewa wannan ɗan abu mai kama da gafiya, danginsa na kusa a duniya su ne giwa da ayu. Baba ya ce wannan kam sai ya ji daga bakin giwar.

Kufai

Washegari ne aka hau da mu wani tsauni inda mutane suka taɓa zama. Gwari da Kamuku su ne mutanen wannan ƙasa tun fil azal, da sunan Kamuku ɗin ma aka sa wa gandun. A kan dutsen mun ga ramuka masu santsi inda mata suka yi shekaru suna niƙa, da duwatsun da aka jera a zagaye inda rumbu ya taɓa tsayawa, da fasassun tukwane ko'ina. Mai karatu zai ce, me ya kai mutum zama a kan dutse alhali ga fili ga ruwa a ƙasa? Tsoro ne. A ƙarni na 19 mahaya dawakai sun addabi ƙasashen Gwari da Kamuku da hare-haren kamun bayi, musamman daga Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa, har zuwa 1901 da Turawa suka ci ɗansa Ibrahim da yaƙi. Doki ba ya hawan irin wannan dutse. Sai da ƙasa ta lafa mutane suka sauko. Shi kansa garin Birnin Gwari na yanzu a 1957 aka kafa shi a bakin babbar hanya, aka taso daga tsohon birnin da ke wajen kilomita 50 ta arewa.

Ba abin mamaki ba ne mutanen da dutse ya ceci ransu su riƙa girmama dutse. A cikin gandun akwai tsaunuka da itatuwa da rafuka da kakanni suka mai da su wuraren tsafi, wanda ya fi suna shi ne tsohon wurin tsafi na Parnono. A tsaunin da muka hau ma akwai wani lungu a ƙarƙashin dutse, inda ja-gora ya ce nan ake yanka a dā kafin shuka da bayan girbi. Ya ce duk mai so ya matso ya gani.

A nan ne magana ta tashi. Shugaban matasanmu, yaro mai himma wanda ba ya fashin wa'azin Sabon Rai, ya ja da baya, ya ce shi ba zai taka wurin ba, kuma bai ga dalilin da zai sa a kawo 'ya'yan Allah gidan aljanu ba. Wasu suka goyi bayansa. Wata 'yar'uwa ta ce kakarta ta sha duka a gidan miji saboda ta ƙi dafa giyar tsafi bayan ta tuba, yanzu kuma a ce ita ta zo yawon buɗe ido a irin wannan wuri?

Baba bai ce kome ba sai da suka gama. Sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, ni a irin wannan wuri aka yanka kaza ranar sunana. Na bar shi da ƙafata, ba wanda ya kore ni. Amma in ba ku ga inda aka fito da mu ba, yaya za ku san girman abin da aka yi mana?" Ya zauna a kan dutse ya yi ta ba mu labari: yadda kakanninsa suka san akwai Mahalicci guda a sama, wanda Gbagyi ke kira Shekwoyi, sai dai suna ganin ya yi nisa, dole a bi ta hannun wasu. Ya faɗi dokokin irin waɗannan wurare, cewa ba a sare itace a kurmin tsafi, ba a farauta a cikinsa, ba a kai wuta. Ya ce duk inda ka ga manyan itatuwa sun tsira a kusa da tsohon gari, bincika, tsoron tsafi ne ya tsare su. "To, mu da muka ce mun san Mai abin da kansa," in ji shi, "sai muka fi kowa saurin ɗaukar gatari."

Fasto ya raba gardamar da hikima. Ya tuna mana da Manzo Bulus a Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, wanda ya zaga birnin yana duba wuraren sujadarsu ɗaya bayan ɗaya, abin ya ɓata masa rai, amma daga abin da ya gani a kan wani bagade ya sami bakin zaren wa'azinsa. Ya kuma tuna mana da gargaɗin Bulus ɗin ga Korantiyawa a kan kada mai ƙarfin zuciya ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwansa. Saboda haka ba a tilasta wa kowa ba. Wajen rabinmu muka matsa muka leƙa, sauran suka tsaya daga nesa. Abin da ke ciki kuwa, tsohuwar tukunya ce da ta rabe biyu, da kashin jemage.

Mu a namu ganin, Baba ne ya fi gaskiya, ko da yake ba mu raina tsoron waɗancan ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu bishara na farko, irin 'yan mishan na SIM da suka zauna a Wushishi tun 1904 suka yi aiki a cikin Gbagyi, sun koya wa iyayenmu rabuwa da tsafi, mun kuwa gode wa Allah. Amma a garin zubar da ruwan wanka mun haɗa da abubuwa da yawa da ba su da laifi: sunayen tsaunuka, tarihin inda kowane dangi ya fito, sanin itatuwa da magungunansu, da wannan tsohuwar ɗabi'a ta cewa akwai wurin da ba a taɓawa.

Yadda wasu suka yi da nasu

Akwai wata ƙasa, tsibiri a kudancin Indiya, mai suna Siri Lanka, inda mafi yawan mutane mabiya addinin Buddha ne, Kirista kuwa wajen bakwai cikin ɗari. A can baƙo yakan sami ja-gora ya yi zagayen kwana biyu ko uku, ya haɗa tsofaffin wuraren ibada da kallon namun daji a tafiya ɗaya. Akan kai shi tsohon birnin Anuradhapura, inda akwai wani itace dangin ɓaure da aka dasa tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, reshe ne da aka kawo daga itacen da suka ce Buddha ya zauna a gindinsa a Indiya, har yau ana ba shi ruwa ana gadinsa. Akan kai shi Minneriya, wani tafki da wani sarki ya haƙa a ƙarni na uku bayan Almasihu, inda giwaye ɗaruruwa suke taruwa da rani. A Indiya ma Sarki Ashoka, wanda ya karɓi wannan addini, ya sa an sassaƙa dokoki a jikin ginshiƙan dutse, ciki har da jerin dabbobin da ya hana a kashe, da hana ƙona daji ba dalili. Ba addininsu muke tallatawa ba, masu karatu sun san matsayinmu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne 'yan makaranta na kowane addini a can sukan je waɗannan wurare su koyi tarihin ƙasarsu, ba wanda ya ce sun yi ridda.

Su ma sun ga tashin hankali. An yi yaƙin basasa a ƙasar daga 1983 zuwa 2009. A 1985 'yan tawaye suka shiga Anuradhapura suka kashe mutane fiye da ɗari, suka bi ta gandun dajin Wilpattu da ke kusa suka kashe ma'aikatansa. An rufe gandun a 1988, ya zama mafakar masu bindiga shekara da shekaru, sai a 2010 aka buɗe shi sosai. Yau baƙi suna zuwa can kallon damisa.

Abin da ya faru da namu

Labarin Kamuku bayan tafiyarmu kowa ya san shi. Ɓarayin shanu suka fara mai da dajin maɓoya, har a 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye shi suka haɗa kai da sojoji domin fatattakarsu. Abin bai tsaya ba, ya rikiɗe ya zama satar mutane da ƙona ƙauyuka. A watan Mayu na 2018 aka kashe mutane fiye da arba'in a ƙauyen Gwaska. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, garin da muka tsaya sayen ƙosai a wancan lokaci, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka sako 137. Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagware da Bakamuke da Bafulatani, babu gidan da bai yi kuka ba. Majami'u da masallatai na ƙauyuka da dama sun zama kufai, kamar dai wancan da muka hau muka gani, kuma saboda dalili iri ɗaya. Baƙi suka daina zuwa gandun.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Muna addu'a Ubangiji ya tabbatar da salama. Amma kada wata ƙungiyar matasa ko Zumuntar Mata ta karanta wannan ta ɗauki mota ta kama hanya. Sai an tuntuɓi hukumar gandun da jami'an tsaro da shugabannin ikilisiyoyin da ke yankin, in suka ce a dakata, a dakata.

Akwai abin da za a iya yi tun yanzu ba tare da an shiga daji ba. Dattawan da suka san waɗannan tsaunuka suna ƙarewa, da yawansu kuma gudun hijira ya watsa su zuwa Kaduna da Minna da Zariya, suna zaune a bencin baya na majami'unmu ba wanda ya tambaye su kome. Baba ya riga mu gidan gaskiya. A kan hanyarmu ta komowa ya lasafta mana sunayen tsaunuka da kufai fiye da goma da harshen Gbagyi, da dangin da suka fito daga kowanne, amma gajiya ta sa ba wanda ya ɗauki biro. Da muka zauna rubuta wannan, mun tambayi mutum huɗu daga cikin waɗanda aka yi tafiyar da su, biyu kaɗai muka iya tunawa, su ma ana gardama a kan ɗaya.

Saboda haka muna roƙon masu karatu 'yan asalin ƙasar Birnin Gwari da Kuyambana da Mariga da Kagara, duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su ya rubuta sunan tsohon garinsu, da tsaunin da suka zauna, da dabbobin da suka sani a wurin, da shekarar da bishara ta iso musu in sun tuna. A aiko mana ta hannun fasto ko sakataren ikilisiya. Za mu riƙa bugawa a wannan fili da Hausa, tare da sunayen yadda masu su suke faɗinsu.